Yadda Ake Zana Rufin Gida Mai Sassa Da Yawa A Manhajar Zanen Gini

Gidajen da ake ginawa yanzu a sababbin unguwannin Gombe ba kasafai suke da kusurwa huɗu kawai ba, domin akwai falo da ya fito gaba, da baranda, da sashen iyali da ya karkata gefe, kuma kowannensu yana buƙatar nasa rufin. Kafin ka taɓa rufi a manhajar zanen gini irin su Revit ko ArchiCAD, ka tabbata bangwayen waje sun haɗu a kowace kusurwa kuma tsayinsu ya daidaita, tunda a kansu manhajar take ɗora lissafinta.

Daga nan ka raba ginin zuwa sassa masu kusurwa huɗu, ka fara rufe mafi faɗi, sannan ka haɗa ƙananan da shi. A ganina ya fi dacewa gangarar rufin ta zama ɗaya a ko'ina, misali digiri 30, domin idan sassa biyu masu gangara iri ɗaya suka haɗu a kusurwa mai digiri 90, kwarin da ke tsakaninsu yakan faɗi a kan digiri 45 idan aka duba daga sama, wanda hakan yana sauƙaƙa wa kafinta yankan katako da kwano. Kwarin nan shi ne inda ruwan Agusta yake taruwa, saboda haka ka bi kowanne har bakinsa, ka tabbata ba ya zuba a jikin bango ko ƙofar shiga.

Ka bar wa bakin rufin kimanin santimita 60 a wajen bango, ba fiye ba, saboda guguwar farkon damina. Sannan ka juya zanen ta kowane ɓangare, ka buga shi da awonsa, ku zauna da kafinta kafin a sayo kaya.