Karanta littafi a ƙaramar waya mai madannai

Salamu alaikum ƴan uwa na Damagaram.

In ƙaramar wayarku ta ƙi buɗe littafi, ku maida shi TXT, wato fayil na rubutu zalla.
Yawancin irin waɗannan wayoyi ba su buɗe fayilolin littafi irin PDF ko EPUB, amma da yawa suna da wurin karanta rubutu zalla da ake kira Ebook.

Ku samu mai kwamfuta, a kasuwar Dole ko cikin ɗaliban Jami'ar André Salifou. Manhajar Calibre kyauta ce, da ita ake juyawa. A zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 wajen ajiyewa, a zuba a katin memori.
In littafin na da tsawo, a raba shi babi-babi, don babban fayil yakan sa wayar ta daskare.

TXT ba ya da nauyi, ba ya cin kuɗin intanet. Batirin kuma yana kai kwanaki, ko an ɗauke wuta lokacin zafi kuna karatunku.

Amma ku lura: littafin da aka ɗauki hotonsa shafi-shafi ba ya juyuwa haka. Na lissafi da masu zane suna lalacewa, don haka ɗaliban BAC, jarrabawar gama sakandare, kar ku dogara da shi a nan.
In ƙ, ɗ, ɓ suka fito kamar akwati, a musanya su da k, d, b kafin a zuba.