Yadda Ake Jera Jiragen Sama da Radar a Sararin Babban Birni

A birnin da ke da filayen jirgin sama da yawa, kamar Landan mai Heathrow da Gatwick da Stansted da Luton da London City, mafi wahalar aikin kula da jirage yana hannun waɗanda ke zaune a gaban allon radar, ba waɗanda ke cikin hasumiya suna hango titin sauka ta taga ba. Masu kula da sararin Landan ma a Swanwick suke zaune, a kudancin Ingila, nesa da filayen da suke yi wa aiki. Su ne ke karɓar jirgi daga cibiyar da ke kula da manyan hanyoyin sama, su saukar da shi sannu a hankali, su sa shi a layi, su miƙa shi ga hasumiya. Wannan bayani na mai koyon aikin ne, kuma ya fi mayar da hankali ga jirage masu sauka, domin a nan ne gwaninta ke bayyana.

Ka fara da sanin abin da allon ke nuna maka. Radar iri biyu ce. Ta farko tana aika igiyar rediyo, ta bugi jikin jirgi ta dawo, don haka wurin jirgin kawai take nunawa. Ta biyu tana aika tambaya a kan mita megahaz 1030, na'urar amsawa da ke cikin jirgin ta mayar da amsa a kan 1090, tare da lambar da aka ba shi da tsayin da yake tafiya a kai. Lambar mai alƙaluma huɗu ce, kowane daga 0 zuwa 7, jimilla 4,096, kuma uku daga cikinsu dole ka haddace su: 7500 na nufin an yi fashin jirgi, 7600 rediyo ya lalace, 7700 ana cikin halin gaggawa. Eriyar radar ta filin jirgi tana juyawa sau ɗaya cikin kusan daƙiƙa biyar, wato ɗigon da kake kallo ya riga ya ɗan wuce inda ka gan shi. Tsarin ADS-B, inda jirgi ke aiko da bayanin wurinsa da kansa, wanda Amurka ta wajabta a sararinta mai cunkoso daga 1 ga Janairun 2020, ya rage wannan jinkiri, amma ɗabi'ar duba inda jirgi zai kasance nan da minti biyu tana nan a matsayin tushen aikin.

Kafin ka zauna a kujera, ka tsaya bayan wanda za ka canza har sai hoton sararin ya zauna maka a kai. Ka ji daga bakinsa titin da ake sauka a kai, ƙarfin iska da inda take kaɗawa, inda hadari yake, da duk umarnin da ya bayar wanda matuƙi bai gama aiwatarwa ba.

Ma'aunin tazara shi ne dokar da komai ke rataye a kanta. A sararin kusa da filin jirgi, mafi ƙarancin tazara tsakanin jirage biyu yawanci mil uku ne na ruwa a gefe, ko ƙafa 1,000 a tsaye, kuma mil ɗaya na ruwa mita 1,852 ne. Ɗaya daga cikin biyun ya wadatar, amma kada ka saki ɗaya sai ka tabbatar ɗayan ya samu. Idan babban jirgi ne a gaba, guguwar da fikafikansa ke bari a baya tana ƙara tazarar: a tsohon ma'aunin hukumar ICAO mai kula da sufurin jiragen sama ta duniya, babba a bayan babba mil huɗu, matsakaici a bayan babba mil biyar, ƙarami a bayan babba mil shida.

Daga nan sai ainihin jerawa, kuma shawarata a nan ita ce ka yanke wanda zai riga wani tun jiragen suna nesa, mil talatin ko arba'in daga fili, lokacin da ƙaramin gyara ke isa. Mai koyo yakan jinkirta wannan hukunci yana fatan layin zai daidaita da kansa, sai ya tarar da jirage biyu sun iso wuri ɗaya a tsayi ɗaya, ba shi da sauran dabara sai juya ɗaya da ƙarfi. Kayan aikinka uku ne, gudu da alkibla da tsayi, kuma gudu ne mafi sauƙi ga kowa, domin ba ya ƙara wa matuƙi hanya kuma ba ya fitar da jirgi daga sashenka.

A ɗauki misali. Boeing 777 yana tahowa kai tsaye zuwa layin sauka, Airbus A320 kuma yana tafiya a gefen filin, daura da titin amma yana fuskantar akasin inda za a sauka, yana jiran ka juyo da shi. Ka yanke cewa 777 ne na farko, saboda haka kana buƙatar mil biyar a bayansa, tunda shi babba ne, A320 kuma matsakaici. Lissafin da za ka riƙe a ka ba shi da yawa. Jirgin da ke gudun mil 180 na ruwa a awa yana cin mil uku a minti ɗaya. Bambancin gudu na mil 20 a awa yana buɗe tazarar mil ɗaya cikin minti uku. Kowane mil ɗaya da ka bar A320 ya ƙara a tafiyarsa ta gefe yana zama mil biyu a jimillar hanyarsa, tunda sai ya dawo ta kansa. Wannan na ƙarshe shi ne inda sababbi suka fi kuskure, domin jinkirin daƙiƙa ashirin wajen ba da umarnin juyawa yana iya barin giɓin mil biyu da babu wanda zai cike shi, kuma a filin da jirage ke sauka ɗaya bayan ɗaya tun safe har dare, irin waɗannan giɓoɓi ne ke taruwa su zama jinkiri ga kowa. Ka kuma tuna cewa layin yana matsewa da kansa: 777 zai rage gudu kafin A320, don haka tazarar da ka gani a mil goma daga titi za ta ragu kafin su kai mil huɗu. Ka gina ta da ɗan rara.

Sa'ad da za ka ɗora jirgi a kan siginar ILS da ke jagorantar sauka, ka kawo shi a kusurwar da ba ta wuce digiri 30 ba, kuma a ƙarƙashin layin gangara, yadda zai kama shi daga ƙasa. Gangarar yawanci digiri uku ce, kusan ƙafa 300 a kowane mil, saboda haka jirgin da ke mil goma daga titi ya kamata ya kasance wajen ƙafa 3,000. Kada ka nemi matuƙi ya rage gudu kuma ya sauko da sauri a lokaci ɗaya, domin jirgin zamani ba ya iya yin duka biyun da kyau. Ka faɗa masa wanda kake so ya fara yi, ka kuma gaya masa mil nawa suka rage masa.

Jirage masu tashi suna bin hanyoyin da aka riga aka zana, kuma a sararin da filaye ke kusa da juna, kamar JFK da LaGuardia a New York, hanyoyin suna ratsa juna a tsayi daban-daban. Kada ka ɗaga jirgi ko ka karkatar da shi zuwa sashen wani sai ka yi magana da mai sashen.

Maganar rediyo kuwa, gajarta ta, ka fara da sunan kiran jirgin, kada ka cusa lambobi da yawa a umarni ɗaya. Bayan ka gama, ka saurari maimaicin matuƙi da kunne biyu. Kunne yakan ji abin da yake sa ran ji, musamman idan jirage biyu na kamfani ɗaya masu lambobi makusanta suna kan mita ɗaya, kuma idan ka ce ƙafa 6,000 aka maimaita 5,000 ka yi shiru, kuskuren ya zama naka. Idan matuƙi ya sanar da kai cewa na'urar TCAS, wadda ke cikin jirgi don hana karo, ta umarce shi ya hau ko ya sauka, ka daina ba shi umarnin tsayi har sai ya ce ya fita daga haɗarin. An ƙarfafa wannan doka bayan karon Überlingen a Jamus ranar 1 ga Yulin 2002, inda mutum 71 suka mutu bayan wani jirgi ya bi umarnin mai kula da sarari, wanda ya saɓa wa na na'urar.

Idan jirage suka fi ƙarfin titin, sai a sa su jira suna zagaye a wuraren da aka keɓe, kowane a tsayinsa da tazarar ƙafa 1,000, ana zare na ƙasa ana sauko da na sama. Heathrow na da irin waɗannan wurare huɗu: Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin Hill. Duk wanda ka sa a zagaye, ka ba shi lokacin da zai sa ran fita, domin da shi yake lissafin mansa. A ranar 25 ga Janairun 1990 jirgin Avianca mai lamba 52 ya yi fiye da awa ɗaya yana jira a hanyarsa ta zuwa JFK, matuƙansa suka yi ta ambaton ƙarancin mai ba tare da sun ayyana halin gaggawa ba, man ya ƙare, mutum 73 suka mutu. Don haka idan ka ji matuƙi ya taɓo maganar mai ko da a fakaice, ka tambaye shi kai tsaye minti nawa man zai kai shi da kuma ko yana ayyana gaggawa, sannan ka sanar da wanda za ka miƙa masa jirgin abin da ya amsa, da lambobinsa.