Yadda ake haɗa dandalin fitilu masu amsa taɓi don yara da iyayensu

Tun da munka kunna namu a wani fili cikin Birnin Kebbi mutane ke turo min saƙo, wai yaya ake yin fitilun nan da yaro zai taka ƙasa sai haske ya ruga gabansa, ko ya danna maɓalli kifin haske ya sake launi. Wasu ma sun gwada, na je na gani da idona, kuma kusan wuri ɗaya kowa ke faɗuwa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda muke yi. Ba zan tsaya bayanin yadda ake soldarin waya ko yadda ake riƙe filaya ba, wanda bai iya wannan ba ya nemi mai gyaran rediyo ya zauna kusa da shi kwana biyu.

Fara da mutane kafin kaya. Aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne, duk wanda ya ce shi zai zana, shi zai yi walda, shi zai yi wayarin, to daren buɗewa za ka same shi kan tsani jama'a na jira. Mu shida ne. Akwai mai zane wanda shi ke da magana ta ƙarshe kan siffa da launi, akwai mai walda, da kafinta, da tela, da mai wayarin na gaske wanda ya san fiyus da wayar ƙasa ba mai murɗa waya da haƙori ba, sai ɗalibi ɗaya mai son kwamfuta, irinsu suna nan da yawa a Kwalejin Waziri Umaru da jami'ar Aliero, kuma suna neman inda za su gwada abin da sunka koya. Bayan su kuma dole ka nemi malama mai koyar da ƙananan yara ka sa ta cikin shawara tun ranar farko. Ita ce ta gaya mana maɓallanmu sun yi sama da yawa, ɗan shekara uku ba zai kai ba, kuma ita ta sa munka ware wa mata hanyar shiga da wurin zama da tabarmi. Ba don ita ba da uwaye mata ba su zo ba, kuma in ba su zo ba ai ba dandalin iyali ka yi ba.

Sai abin da za a nuna. Kada ka kwaso hoton abin da ka gani a bidiyon wata ƙasa ka ce shi za ka yi. Mu nan muna da ruwa da kifi, bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yinsa, babu yaron da bai san homa da gora ba. To munka sa mai walda ya lanƙwasa rodi ya yi giwan ruwa babba, tela ya rufe ta da farin yadi, fitilu suna ciki. Munka rataya homa a sama, ƙwarya kuma anka huda ta da ƙusa mai zafi anka kife kan fitila, hasken na fitowa ɗigo-ɗigo kamar taurari. Ƙwarya ta fi duk wata robar kanti kyau kuma kuɗinta bai kai ba. Ƙa'ida ɗaya dai: kada ido ya ga ƙwan fitilar kai tsaye, kullum a sa yadi ko ƙwarya tsakani, in ba haka ba abin zai zama kamar shagon sayar da waya. Kuma abu uku ya isa a karon farko, hanyar takawa ɗaya, babban kifi ɗaya, rumfar ƙwarya ɗaya.

Fitilun da ake amfani da su su ne na LED masu zuwa a naɗe kamar kaset, amma ba irin na adon biki ba. Ka nemi waɗanda kowane ƙwai ke karɓar umarni shi kaɗai, sunansu WS2812B, suna cin bolt 5. Akwai WS2815 mai bolt 12, ya fi tsada amma ni yanzu shi nike saye, zan faɗi dalili. Ka ɗauki mai rufin roba, a kwalin za ka ga IP65 ko IP67, alamar yana jure ƙura da ruwa. Ƙwaƙwalwar abin kuma ɗan allo ne ESP32, a ɗora masa manhajar WLED, kyauta ce, da wayarka ta hannu za ka riƙa zaɓen launi da gudu. Masu son wani allon da ake kira Arduino Uno ban hana ku ba, amma ma'ajiyarsa kilobayit 2 ce kawai, kowane ƙwai na cin bayit 3, da ka haura ɗari biyar ya fara shaƙewa. Kayan nan ba kasafai ake samunsu nan gari ba, oda ake yi daga Legas ko Kano ko ta intanet, don haka ka ƙara naɗi ɗaya da allo ɗaya a kan lissafinka, ranar da ɗaya ya ƙone ba za ka samu wani kafin magariba ba.

Yanzu ga inda nike son a natsu, maganar wuta. Nan ne munka sha wuya kuma nan na ga kowa na shan wuya. Mutum zai gwada mita ɗaya a ɗakinsa da cajar waya, ya ga abin ya yi kyau, sai ya ɗauka mita ashirin ma haka ne. To zauna ka yi lissafi da biro. Ƙwai ɗaya idan ya ba da farin haske cikakke yana jan kusan miliyamfiya 60. Naɗi mai ƙwai 60 a kowace mita, mita biyar, ƙwai 300 kenan, wato amfiya 18, wato wat 90 a naɗi ɗaya tak. Cajar waya kuwa amfiya biyu take bayarwa ko ƙasa da haka. Mu daren gwajinmu na farko adaftar da munka saya ƙarama ce, mai shagon ya rantse za ta ɗauka, ko minti ashirin ba a yi ba sai ƙaurin roba, kifin ya fara kyarma ya mutu, yara kusan talatin na tsaye suna kallo. Har yau ina jin zafin ranar, don wasu daga nesa iyayensu sunka kawo su.

Munka sayi babbar adafta, matsala ta biyu ta fito. Farkon layin fari tas, tsakiya ruwan ɗorawa, ƙarshe ja-ja kamar garwashi. Ɗalibinmu ya kwana yana duba manhaja alhali ba laifinta ba ne. Jan ƙarfen da ke cikin naɗin siriri ne, wuta na raguwa tana tafiya, kuma shuɗi da kore sun fi ja buƙatar ƙarfi, su ke fara mutuwa. Maganinsa shi ne ka ja waya mai kauri, mai milimita 2.5, ta bi gefen naɗin, ka riƙa shigar da wuta daga farko da ƙarshe, ni kam duk mita biyu da rabi nike shigarwa idan mai bolt 5 ne. Wanga shi ne dalilin da ya sa na koma mai bolt 12, wutarsa na yin nisa kafin ta gaji, wayarin ya ragu, ga shi yana da wayar saƙo ta biyu, wato mai kai wa ƙwai umarnin allo, ƙwai ɗaya ya mutu sauran ba su bi shi ba. Kada ka yi tsimin kuɗi a kan waya. Akwai wadda ake sayarwa da arha, waje jan ƙarfe ciki alminiyam, ka kankare ta da wuƙa a gaban mai shago kafin ka biya.

Sauran ƙananan abubuwan da ke hana barci: baƙar wayar adafta da ta allo dole su haɗu wuri ɗaya, in ba su haɗu ba fitilu za su yi ta ƙifce-ƙifce ba dalili. Rizista mai om 330 a kan wayar saƙo, kafasita mai maikurofarad 1000 a bakin naɗin. ESP32 saƙonsa bolt 3.3 ne, naɗin kuma 5 yake so, wani lokaci yana yi haka nan amma ni ban yarda da wani lokaci ba, a sa ɗan guntun 74AHCT125 tsakani, shi ke ɗaga saƙon zuwa bolt 5. Kowane layi da fiyus ɗinsa. A cikin WLED akwai wurin da za ka rubuta iyakar amfiyar da adaftarka ke iya bayarwa, rubuta ƙasa da haka, da dare ma rabin haske ya isa.

Kuma inda yaro zai kai hannu, kada wutar gari mai bolt 230 ta kusanci wurin, ko kusa. Adafta da soket duk su shiga akwati mai kwaɗo a bayan shinge, abin da zai fito fili bolt 5 ko 12 ne kawai. Yaro zai taɓa, zai ja, wani zai sa baki. Ni na fi son batir gaba ɗaya, don in an ɗauke wuta ana tsaka da wasa ka tara yara cikin duhu, janareta kuma ƙararsa da hayaƙinsa na kore tsofaffi. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da wat-awa 1200, idan irin na ruwa ne rabi za ka ci don kada ya lalace, wat 150 na awa huɗu kenan, daga magariba har a tashi. Da rana sola ta cika shi. Ba sai ka saya ba, masu sola na ba da haya.

Sai abin da zai sa fitilar ta amsa. Kowa na ruga wa sensar motsi, wadda ake kira PIR, don tana da arha. Ban ba da shawararta ba. Zafin jiki take gani, kuma a watan Afrilu da garin nan ke haura digiri 40, bango da ƙasa na riƙe zafi har dare, sai ta riƙa rikicewa. Ko da sanyi ma tana hango har kusan mita bakwai, yara ashirin na guje-guje gabanta kullum a kunne take, babu yaron da zai gane shi ne ya sa haske ya motsa. Kuma daɗin abin kenan, yaro ya taka ya ga ya yi, ya juya ya ce Inna duba ni na yi. Don haka matakai muke yi: falanki biyu, soson katifa siriri tsakani, maɓalli a tsakiya, a rufe da ledar ƙasa. Taki ɗaya, amsa ɗaya, nan take, ko daƙiƙa guda kada ta wuce. Kafinta ya goge kusurwa, kada kan ƙusa ya fito, da yawa ba takalmi za su zo. Allon ya zauna kusa da matakan, doguwar wayar maɓalli na kwaso saƙon ƙarya. Ka sa babban mutum ya yi tsalle a kai sau hamsin, in ya tsira to zai iya da yara.

Kada a sa walƙiya mai sauri. Haske mai ƙiftawa fiye da sau uku a daƙiƙa na iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu, kuma ba za ka san wane yaro ne ba. Launi ya riƙa narkewa cikin wani a hankali, ya fi kyau ma.

Lokaci kuwa hunturu ne, Disamba zuwa Janairu, ba ruwan sama, sai dai ƙura, a goge yadi kullum. Farkon damina kada ka soma, ƙwarin shinge za su rufe fitilun, iska kuma ta ɗauke rumfar. Ka je wurin mai unguwa da kanka tun da wuri, ka gaishe shi yadda ya kamata, ranka ya daɗe ga abin da muke son yi wa yara, ka gayyace shi gwaji. A sanar da jami'an tsaro na unguwa. A tsaya lokacin sallar isha'i. Wayoyin da ke bi ta ƙasa a binne su ko a rufe da katako, rodin kifi a kafa shi da siminti ko buhunan yashi, a ɗibi yara goma-goma, manya biyu a ƙofa, ɗaya kuma a akwatin wuta. Ku yi gwaji na dare biyu cikakku da yaran gidanku kafin ku sanar, kuma duk wanda ya sa hannu a rubuta sunansa a allon ƙofa har da tela da yaron mai walda. In an tashi a cire batir, a naɗe fitilu a hankali kada a karya su, a sa wa kowace waya lamba da tef don haɗin gobe.