Yadda Ake Shirya wa Tiyatar Ciki Domin Zafin Bayanta Ya Yi Sauƙi

Zafin da ke biyo bayan tiyatar ciki, ko ta gwaiwa ce, ko ta afendis, ko ta cire jariri, ana fara rage shi ne tun mara lafiya yana kan teburin tiyata. Wanda ke da alhakin wannan shi ne mai sa barci, wanda a yawancin asibitocin Garwa, Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru ma'aikacin jinya ne da ya yi horo na musamman, domin likitocin fannin ba su da yawa. Saboda haka abu na farko shi ne a nemi ganinsa kafin ranar aiki, a zauna da shi, a tambaye shi abin da zai yi amfani da shi.

Ya kamata a san cewa ba kowane maganin kwantar da jiki ne yake kashe zafi ba. Midazolam da diazepam suna kawar da fargaba, midazolam kuma yana sa mutum ya manta abin da ya faru, amma ba sa taɓa raɗaɗin yanka. Ketamin, wanda aka fara haɗawa a 1962 kuma yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, idan aka ba da shi kaɗan a lokacin aiki yana rage yawan morfin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, da za a buƙata daga baya, kuma ba ya danne numfashi kamar sauran. Aibinsa shi ne wasu suna farkawa da ruɗewa ko gane-gane. Deksmedetomidin, wanda Amurka ta amince da shi a 1999, yana kwantar da jiki yana kuma rage zafi, sai dai yana iya saukar da bugun zuciya da ƙarfin jini, ga shi da tsada, ba kuma ko'ina ake samunsa ba.

Abin da mara lafiya ya faɗa shi ne yake jagorantar zaɓin. A faɗi hawan jini, ciwon suga, asma, gyambon ciki da ciwon ƙoda, a kuma ambaci duk wani jiƙo ko tsimi da ake sha. Maganar da ta fi nauyi a yankinmu ita ce ta tramol. Matashin da ya saba shansa a kan babur ko a gona, jikinsa ba zai ji ƙa'idar maganin da ake ba kowa ba, kuma idan ya ɓoye saboda kunyar mahaifinsa da ke tsaye a gefe, shi zai kwana yana nishi. Gara iyaye su fita su ba shi wuri ya yi magana. A daina cin abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, sai dai idan an ba da wani umarni dabam.

Bayan an fito, aikin ya koma hannun mai jinya. Ya riƙa duban ƙirjin mara lafiya yana ƙirga numfashinsa; idan ya gaza sau 10 a minti, ko leɓɓansa suka canza launi, ko aka kira sunansa aka girgiza shi bai amsa ba, a kira ma'aikaci nan take. Idan aka tambayi ƙarfin zafi daga 0 zuwa 10, a faɗi gaskiya, domin dauriyar da ake yaba wa namiji a nan tana hana shi tari da tashi, abin da ke jawo ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Lokacin tari a danna matashin kai a kan ɗinkin.

A sayi abin da ke cikin takardar likita kawai, a kantin magani mai rajista. Parasitamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babban mutum. Diklofenak kuma, musamman a zafin Maris da Afrilu da jiki ke ƙarancin ruwa, yana iya cutar da ƙoda, don haka kada a ƙara shi, ko wani maganin barci na kasuwa, sai da izinin wanda ya rubuta takardar.