Yadda Iyaye Za Su Tunkari Tiyatar Gyara Karkacewar Ƙashin Baya Ta Gado

Galibi uwa ce take fara lura da abin, wajen yi wa yarinya wanka ko gwada mata ɗinkin salla, sai ta ga kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya, bakin riga kuma ya ƙi daidaita. A sa yarinyar ta sunkuya kamar mai ruku'u, a tsaya a bayanta a duba. Idan haƙarƙarin gefe ɗaya ya yi tudu, a nufi Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada a bi ta wurin mai ɗori, domin babu ƙashin da ya karye balle a ɗora, kuma watannin da ake ɓatawa a can su ne lokacin da gadon bayan yake ƙara lanƙwashewa.

Likita zai sa a ɗauki hoton ƙashi a tsaye, ya auna lanƙwasar da digiri. Tsakanin 25 zuwa 40 akan gwada rigar roba mai tauri ga yaron da bai gama girma ba, amma idan ta kai 45 zuwa 50 sai a fara maganar tiyata. A cututtukan gado irin su Marfan (cuta mai raunana naman da ke riƙe gaɓoɓi da jijiyoyin jini) da nurofaiburomatosis (cuta mai sa ƙari ya tsiro a jijiyoyin jiki), rigar ba kasafai take tare lanƙwasar ba, don haka kada iyaye su ga kamar likita ya yi gaggawa idan ya kawo maganar tiyata.

Abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne binciken da ake yi kafin ranar aiki, domin ciwon gado ba ya tsayawa a ƙashi kaɗai. Mai Marfan, wanda akan gane shi da tsawo da zara-zaran yatsu, babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciyarsa takan ƙara faɗi, saboda haka dole a yi hoton zuciya tukuna. Mai nurofaiburomatosis kuwa yana bukatar hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, don a ga halin da lakar baya take ciki. A auna ƙarfin huhu, a inganta abincin yaro, a kuma tanadi 'yan'uwan da za su ba da jini tun da wuri, domin aiki ne na awanni da yawa mai cin jini.

A ɗakin tiyata likita yakan kafa sukurori a ƙasusuwan baya, ya haɗa su da sandunan ƙarfe biyu, ya zuba ƙashin dashe don ƙasusuwan su manne su zama ɗaya. A tambaye shi kai tsaye yadda zai riƙa lura da lafiyar laka yayin aikin, domin raunin ƙafafu yana cikin haɗarin da ake gudu. Ƙaramin yaro kuwa akan sa masa sanduna da ake ƙara wa tsawo lokaci-lokaci, don kada a tsayar da girman ƙirjinsa.

Bayan aiki akan tayar da majinyaci ya taka cikin kwana ɗaya ko biyu. Mannewar ƙashi tana ɗaukar wata 6 zuwa 12, kuma a tsawon wannan lokaci babu ɗaukar jarkar ruwa, babu sunkuyo sai likita ya yarda, salla ma a zaune. Idan wurin tiyatar ya fara ruwa ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti a ranar. A kai sauran 'ya'ya ma a duba su, domin idan uwa ko uba na da Marfan, kowane ɗa yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 ta gadonsa.