Yadda ake sayen tsohon gida a Kano, a gyara shi, a zuba 'yan haya

In jarinka bai kai na gini daga tushe ba, tsohon gida a unguwar da ta riga ta cika ya fi maka fili a bayan gari. Fili zai yi shekaru yana jiran titi da wuta, gida kuwa ana gama gyara zai fara kawo kuɗi. Sai dai yawancin waɗanda na ga sun tafka asara daga ƙarshe suka faro: fenti da tayil tukuna, takarda da ruwa daga baya.

Mataki na farko: san wanda zai zauna

Kafin ka kira dillali, ka yanke wa za ka ba haya. Wajen sabuwar Jami'ar Bayero, irin su Rijiyar Zaki da Danbare, ɗalibai ɗaki ɗaya mai banɗaki suke nema. Sabon ango kuwa ciki da falo yake so da kicin da ƙofarsa, ba ya son amarya ta haɗa tsakar gida da wasu. Tambayi dillalai uku, kowa daban, nawa ake biyan irin wannan wuri a shekara, ka yi lissafinka da mafi ƙanƙanta.

Mataki na biyu: je ka ga gidan da damina

Da rani kowane gida lafiyayye ne. Ka bari sai Agusta, ka je bayan an ɗauke ruwa. Ka dubi lungun tun kafin ka shiga: kwata tana tafiya ko ta tsaya? In an yi ta cike titi har ya fi daɓen gidan tudu, ruwan unguwa a tsakar gidanka zai riƙa kwana, kuma maganin wannan sai cikon ƙasa da ɗaga ƙofofi, aiki mai cin kuɗi. A ciki, ɗaga kai ka dubi sili, duk inda ya yi shatin ruwa kwano na yoyo. Shafa gindin bango, in filasta na zubowa kamar gari to danshi ya daɗe yana cinsa. Sa kafinta ya hau ya ƙwanƙwasa katakon rufi saboda gara. Ka tafi da birkilanka, ba wanda dillali ya kawo ba.

Mataki na uku: takardu, kafin ko kwabo ya fita

Nan ne ake cinikin biri a sama. Tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna, abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma sauya sunan mai shi sai da amincewar gwamna. In gidan yana da satifiket, wato takardar wannan izini, karɓi kwafi ka kai KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Kano, a bincika: sunan wa ke kai, kuma ba a jinginar da shi a banki ba?

Da yawa daga tsofaffin gidajen cikin gari ba su da satifiket, sai takardar ciniki da shaidu. Wannan bai hana saye, amma aikinka ya ƙaru. Je wurin mai unguwa da ƙafarka. Zauna da maƙwabtan dama da hagu ka ji iyakar kowa, ka ji ko an taɓa rigima a kan katanga.

In aka ce gidan gado ne, to ka ƙara natsuwa. Nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ka ƙirga magada, kowa ya sa hannu: har matan da ke gidajen aurensu, har wanda ke Legas ko Saudiyya, ko ya wakilta wani a rubuce. Babban wa ya ce maka “ni ne babba, na isa da kowa” ba hujja ba ce. Ƙanwa ɗaya da ba a shawarta ba ta isa ta tsayar da kai a kotu shekaru, gidan a kulle.

Ka daidaita la'ada da dillali tun kafin ka ba da kafin alƙalami. Lauya ya rubuta yarjejeniya, kuɗi su bi ta banki zuwa asusun mai gidan. Sannan ka duba ko akwai bashin wutar KEDCO a kan gidan, a cire shi daga kuɗin ciniki, in ba haka ba kai za ka gaje shi.

Mataki na huɗu: gyara daga sama da ƙasa

Rufi ne farko, sai magudanar ruwa da shadda, sai waya da bututun famfo. Bayan an gama fasa bango a sa su ne za a yi filasta da daɓe, fenti shi ne auta. In za ka fitar da shago ko ka ɗora bene, nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birnin Kano, tukuna, kada ka wayi gari da jan fenti a katangarka.

Sayi kayan da kanka, Kasuwar Ƙofar Ruwa tana nan, ka ba ma'aikata jinga kashi-kashi, kada ka biya aikin da ba ka gani ba. Ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin gyara ka ajiye. Tsohon gida sai an buɗe shi yake faɗin cutarsa, ga kuma farashi: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10, masu rabin aiki da yawa suka tsaya cak.

Kayan ƙawa ba naka ba ne. Nemi tayil mai duhu da ba ya nuna datti, ƙofar ƙarfe, famfo mai ƙwari da ake samun kayan gyaransa a kowane shago. Abin da ke riƙe ɗan haya shi ne ruwa da wuta: rijiya ko burtsatse da tanki, don kada ya dogara da 'yan garuwa, da mitar kati ta kowane sashe. Mita ɗaya a gidan haya masana'antar faɗa ce.

Mataki na biyar: lissafi

A misali, ka saya naira miliyan 20, gyara da takardu da la'ada sun ci miliyan 5, haya na kawo miliyan 2 a shekara. Kashi 8 cikin 100 ke nan, kafin ka cire kwashe shadda da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Uwar kuɗinka ba za ta dawo daga haya kaɗai ba sai bayan fiye da shekara 12. Babbar ribar tana cikin darajar gidan da ke tashi, saboda haka kada ka ci bashin da kake sa ran haya ce za ta biya shi.

Mataki na shida: zuba 'yan haya

Tambayi sana'ar mutum, da inda ya taso, da dalilin tashinsa, ya kawo wanda zai tsaya masa. A rubuta komai: kuɗi, ranar biya, mutum nawa za su zauna, wane gyara ne naka, wane ne nasa. Ɗauki hoton kowane ɗaki ranar ba da makulli, kuma duk biya ka ba da rasit. Ɗan'uwa ma a rubuta, shi ne ma ya fi buƙata, don ranar karɓar kuɗi kunya ce za ta hana ka magana.

In zama ya ƙi, bi doka. In yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan shekara ana ba shi notis na wata shida, mai biyan wata kuma wata ɗaya, sannan notis na kwana bakwai, sannan kotu. Kada ka cire masa ƙofa ko kwano, kada ka watso kayansa waje, in ka yi haka kai mai bin bashi za ka koma wanda ake ƙara. Notis ɗin ma lauya ya rubuta, domin kuskuren kwanan wata kaɗai na iya sa alƙali ya ce a koma farko.