Kafin ka gwada lokacinka da na rufaffen fili, ga abin da za ka duba

Wani yaro da nake horarwa kan gudun tsere a Samaru ya miƙo mini waya da asuba, muna tsaka da ɗumama jiki, hazo ya rufe ko'ina. "Malam, dubi abin da suke yi a Boston. Mu wasa kawai muke." Abin ya taɓa ni, domin yaron yana da ƙafa, kuma lokutan gudun da ya gani na rufaffen fili, wato filin tsere na cikin gini, sun kusa karya masa gwiwa. Na zaunar da shi na nuna masa yadda ake karanta irin wannan lokaci.

Fara da tsawon zagayen. Rufaffen fili na ƙa'ida mita 200 ne, rabin namu na waje. Mai gudun mil ɗaya zai sha kwana sau 16 maimakon takwas, kuma kowace kwana tana cin gudu. Shi ya sa ake ɗaga gefen waje na kwanar ya yi gangare, kamar yadda ɗan acaɓa ke kwantar da babur in zai sha shataletalen Kwangila. Gangaren yana karɓar nauyin jiki, ƙafa ba ta faman turjiya. To ka tambaya: kwanar a ɗage take ko a shimfiɗe? Tana da faɗi ko a matse take? In kuma zagayen ya wuce mita 200, kamar masu mita 300 na wasu jami'o'in Amurka, lokaci yakan yi kyau amma ba a lissafa shi a tarihin duniya na rufaffen fili.

Daga nan sai abin da ke ƙarƙashin robar da ake gudu a kai. Nan nake so ka fi tsayawa. Filin Jami'ar Boston ta Amurka a kan katako aka shimfiɗa shi, ba kan siminti ba. Katako yana ɗan lotsawa ya dawo, sai ya mayar wa ƙafa wani abu na ƙarfin da ta zuba, ga shi ba ya gajiyar da ƙwauri da wuri. A can Yomif Kejelcha na Habasha ya yi mil ɗaya cikin minti 3 da sakan 47.01 a 2019.

Iska babu ita a ciki, balle ƙurar hunturu da muke shaƙa. Tudu kuwa yana da tasiri: Albuquerque ta Amurka ta kai kimanin mita 1,500 sama da teku, iskarta ba ta da kauri, masu gajeren zango su ji daɗi, masu dogon zango su sha wuya.

Abin da aka fi mantawa shi ne mutanen da ke cikin tseren. A Liévin ta Faransa ana ɗauko masu jan gaba, wato masu gudu a gaba don saita wa sauran sauri, a kunna fitilu a gefen layi suna tafiya daidai da saurin da ake nema. Lamecha Girma na Habasha ya yi mita 3,000 a can cikin minti 7 da sakan 23.81 a 2023. Da zarar fili ya yi suna, gwanaye can suke tururuwa lokacin da jikinsu ya kai ƙololuwa, sunan ya ƙara hauhawa. A ganina wannan ya kai katakon muhimmanci.

Yaron nan na ce masa ya riƙa rubuta lokacinsa a fili ɗaya, a lokaci ɗaya na rana, ya kuma rubuta ko da iska a ranar. Ranar Asabar za mu sake ɗaukar lokacinsa na mita 1,500, kuma na samo yara biyu da za su ja masa zagaye biyun farko.